Amitabh: Tafiyar Suna Ɗaya Daga Matura Zuwa Kano

A watan Agustan 1942 Indiya ta ɗauki zafi. Ranar 8 ga wata jam'iyyar Kongires ta yi taro a Bombay, ta ce wa Turawan Ingila su tattara ya-nasu-ya-nasu su bar ƙasar. Kafin gari ya waye sosai an kama Gandhi da manyan jam'iyyar, sai zanga-zanga ta ɓarke birni da ƙauye. A Alahabad, inda kogin Ganga ya haɗu da Yamuna, wata matashiyar matar aure mai suna Teji, da tsohon cikinta, ta fita ta shiga ayarin masu zanga-zangar. Kalmar da ke bakin kowa a titi a lokacin ita ce "inƙilab", wato juyin juya hali, kalmar Larabci ce da ta shiga Urdu ta zauna. Da Teji ta dawo gida sai aka fara cewa in dai namiji ta haifa, to Inƙilab ne sunansa.

Ranar 11 ga Oktoba ta haihu, namiji kuwa. Mahaifin, Harivansh Rai, malamin Turanci ne a Jami'ar Alahabad, kuma mawaƙin Hindi da ya riga ya yi suna tun 1935 da littafinsa Madhushala. Yana da aboki, shi ma mawaƙi, Sumitranandan Pant, mutumin da bai ɗauki maganar suna da wasa ba, domin shi kansa tun yana yaro ya ajiye sunan da aka raɗa masa ya zaɓi wani. Pant ne ya kawo sunan da ya zauna: Amitabh. Jaririn nan shi ne Amitabh Bachchan, wanda da wuya a sami gidan Bahaushe da ba a san fuskarsa ba. Fuskar mun san ta, muryar mun san ta, amma sunan ya girmi mai shi da kusan shekara dubu biyu, kuma ya yi tafiyar da babu ɗan fim ɗin da ya taɓa yin irinta.

A Sanskirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, cikakken sunan shi ne Amitabha, kuma guntaye uku ne aka ɗinke. Na farko "a", harafin korewa, wanda idan ya zo gaban kalma yake juya ta. Na biyu "mita", abin da aka auna, daga tushen "ma" mai nufin awo. Na uku "abha", wato haske, ƙyalli, ko kwarjini. Jimillarsu: wanda haskensa ba ya aunuwa. A lura, ba hasken ake kira da sunan ba, mai hasken ake kira. Nahawun Sanskirit ya ware wa irin wannan haɗi babi guda, inda siffar abu ke zama sunan mai abin, kamar yadda in aka ce wane jan wuya ne, kowa ya san ba wuyan ake yabo ba. Panini, malamin nahawun da ya rayu a yankin Gandara, cikin Pakistan ta yau, wajen ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya tsara dokokin wannan harshe cikin gajerun ƙa'idoji kusan 4,000, har da yadda wasula ke narkewa idan kalma ta haɗu da kalma. Shi ya sa "amita" da "abha" ba su zauna kowa da ɗakinsa ba, wasulansu biyu suka zama dogon wasali ɗaya a tsakiyar sunan.

Akwai wani abu da ya shafe mu a nan, kuma ba wasan kamannin sauti ba ne. A 1786, a Kalkata, wani alƙalin Ingila mai suna William Jones ya bayyana cewa Sanskirit da Girkanci da Latin daga uwa ɗaya suka fito, binciken da aka yi bayansa kuma ya tabbatar da haka. Tushen awo da ke cikin "mita" ta Sanskirit shi ne ya haifi kalmar Girkanci ta ma'auni, wadda ta bi ta Turanci ta zo mana a matsayin mitar da tela da mai awon fili ke aiki da ita. Tushen haske da ke cikin "abha" kuwa shi ne ya haifi kalmar Girkanci ta haske, wadda ita ma ta bi ta Turanci ta zama "hoto" a bakinmu. Hausa ba dangin Sanskirit ba ce ko kusa, amma ta hanyar aro muna riƙe da 'yan uwan guntaye biyu na wannan suna ba mu sani ba.

Hindu suna da bikin suna da suke kira namakarana. Mu ranar bakwai muke yi, su tsofaffin littattafansu sun ce rana ta goma ko ta goma sha biyu. Uba ne ke raɗa sunan a kunnen jariri. A gidaje da yawa har yau ana duba tauraron da wata ke ciki lokacin haihuwa, domin taurarin 27 ne, kowanne da gaɓoɓin da ya dace suna ya fara da su. Tsofaffin ƙa'idojin sun ma ce sunan namiji ya kasance mai gaɓoɓi biyu ko huɗu, na mace kuma mai gaɓoɓi mara. A-mi-ta-bha gaɓa huɗu ce cif. Pant mawaƙi ne, kunnensa ba zai rasa wannan ba.

To waye ya fara amsa sunan? A wasu littattafan Hindu da ake kira Purana an ambaci wani rukunin alloli da wannan suna, amma ba can ya yi tashe ba. A addinin Buda ya yi. Ya kamata a fahimci cewa "Buda" laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Mutumin tarihi da aka fi sani da shi, Siddhartha Gautama, ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙarnoni bayan mutuwarsa wani reshe na addinin, Mahayana, ya zo da littattafai masu cewa akwai Buda da dama a duniyoyi da dama. Ɗaya daga cikinsu shi ne Amitabha. A labarin da mabiya suka yi imani da shi, wani sarki ne ya bar sarauta ya zama mai zuhudu, ana kiransa Dharmakara, ya ɗauki alkawura, waɗanda fassarar da ta fi yaɗuwa a Sin ta ƙirga su 48, cewa ba zai karɓi matsayin Buda ba sai ya samar da ƙasa mai tsarki wadda babu wahala a cikinta. Ƙasar sunanta Sukhavati, mai daɗin zama, kuma a yamma take, mafaɗar rana. Alkawari na 18 shi ne wanda ya sauya tarihi: duk wanda ya dogara gare shi da zuciya ɗaya ya tuna shi, ko da sau goma ne, za a sake haifarsa a can. Yana da suna na biyu, Amitayus, wanda ransa ba ya aunuwa.

Shaida mafi tsufa da aka samu a rubuce kan dutse tana gidan tarihi na Matura, kudu da Delhi. A shekarun 1970 aka tono gindin wani mutum-mutumi a unguwar Govindnagar, da rubutun da ke cewa wani ɗan gidan fatake ne ya sa aka sassaƙa siffar Buda Amitabha a shekara ta 26 ta lissafin sarakunan Kushan, zamanin sarki Huvishka, wato wajen shekara ta 153 miladiyya. Wannan bayani na fatake yana da muhimmanci. Daular Kushan ta shimfiɗa daga tsakiyar Asiya har kwarin Ganga, ayarin raƙuma na kai da kawo tsakanin Indiya da Farisa da Sin, kuma da kaya ake tafiya da addini. Saboda haka ne wasu masana suka ce ra'ayin haske marar iyaka daga addinin Farisawa na dā ya shigo, wasu kuma suka ce babu buƙatar zuwa nesa, domin littattafan Buda sun daɗe suna siffanta shi da haske. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, a cikin Indiya kanta irin wannan rubutu mai ambaton Amitabha kaɗan ne ƙwarai. Sunan bai yi kasuwa a gida ba. A waje ya yi.

A shekara ta 179, a birnin Luoyang, wani malami daga ƙasar Kushan mai suna Lokaksema ya fassara wani littafi zuwa Sinanci wanda ya koyar da yadda ake tattara hankali a kan Amitabha. Sinawa ba su iya furta sunan yadda yake ba, suka rubuta sautinsa da haruffansu, ya zama Amituo, suka ƙara "fo", wato Buda. A shekara ta 402 wani malami, Huiyuan, ya tara mutum 123 a kan Dutsen Lu suka yi alwashin neman haihuwa a ƙasar yamma. Amma wanda ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Daochuo, wanda ya rayu daga 562 zuwa 645. Ya dubi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi, manoman da ba su iya karatu ba, ba su da halin barin gona su shiga gidan zuhudu, ya ce musu su riƙa kiran sunan kawai. Ya koya musu ƙirge da wake: duk kira ɗaya a jefa ƙwaya ɗaya a mazubi. Ka hango tsohuwa zaune a bakin ƙofa da yamma, buhun wake a gefe, ƙwarya a gabanta, leɓɓanta na motsi, hannunta na ɗauka yana jefawa. Almajirinsa Shandao, wanda ya rasu a 681, shi ya ɗaure wannan koyarwa da hujjojin littafi. A kogunan Dunhuang, a bakin hamadar arewa maso yammacin Sin, har yau akwai zanen wannan ƙasa ta yamma a bango, da tafkuna da furanni da makaɗa, wani an zana shi tun shekara ta 642.

A ganina a nan sirrin yaɗuwar sunan yake. Hanyar Buda ta asali mai tsauri ce: barin iyali, doguwar halwa, kiyaye ɗaruruwan dokoki, da jiran sakamako bayan rayuwa da yawa. Masunci da ke kashe kifi don ya ci, da mafarauci, da matar da ke da 'ya'ya shida, ina rabonsu a ciki? Sunan Amitabha shi ne ƙofar da aka buɗe wa irinsu. Ba na bin wannan aƙida, amma ina ganin girman tambayar da ta haife ta, domin tambaya ce da kowane malamin kirki ke fuskanta: me za ka ce wa talakan da ba shi da lokacin zama a gabanka?

A Japan sunan ya koma Amida, kuma can ne al'amarin ya kai maƙura. Honen, wanda aka haifa a 1133, ya yi shekaru yana karatu a Dutsen Hiei, sannan a 1175 ya sauko ya ce kiran nan na "Namu Amida Butsu" shi kaɗai ya isa, sauran ibadu a ajiye. Manyan gidajen ibada masu gonaki da dakaru suka ga an taɓa musu tuwo. A 1207 aka hana wa'azinsa, aka kashe almajiransa huɗu, shi kuma aka kore shi daga Kyoto yana tsoho. Almajirinsa Shinran, wanda shi ma aka kora, ya yi aure ya haifi 'ya'ya, ya ce shi ba ɗan zuhudu ba ne kuma ba ɗan duniya ba ne. Ɗariƙar da ta biyo bayansa tana cikin mafiya girma a Japan a yau. Mabiyanta ba su tsaya a addu'a ba: a 1488 manoma da ƙananan mayaƙa masu kiran wannan suna suka kifar da mai mulkin lardin Kaga, suka riƙe lardin kusan shekara ɗari, kuma sai da babban sarkin yaƙi Oda Nobunaga ya yi shekara goma, daga 1570 zuwa 1580, kafin ya karɓe ganuwarsu a inda birnin Osaka yake yanzu. Ƙaton mutum-mutumin tagulla na Kamakura, wanda aka fara aikinsa a 1252, mai tsayin fiye da mita 11, siffar Amida ce. Ginin da ke jikin kwabon yen 10 na Japan, wanda aka kammala a 1053 a garin Uji, don Amida aka gina shi. A Tibet an fassara sunan zuwa harshensu, kuma suna ɗaukar babban malaminsu Panchen Lama a matsayin bayyanarsa. A Biyetnam A Di Da ake cewa, a Koriya kuma Amita.

Duk wannan na faruwa, a Indiya addinin Buda yana ta shuɗewa. Sarakuna sun daina ɗaukar nauyin gidajen zuhudu, ibadun Hindu sun janye jama'a, sannan hare-haren mayaƙan Turkawa wajen shekara ta 1200 suka gama da manyan makarantu irin su Nalanda. Sunan ya koma kwanciya a cikin littattafai.

Abin da ya tashe shi ba addini ba ne, neman martaba ne a ƙarƙashin mulkin mallaka. A 1837 James Prinsep ya warware tsohon rubutun da ke jikin ginshiƙan sarki Ashoka. A 1879 wani Bature, Edwin Arnold, ya wallafa doguwar waƙa a kan rayuwar Buda wadda aka karanta ko'ina. A 1891 aka kafa ƙungiyar Maha Bodhi don farfaɗo da wuraren Buda a Indiya, ta kuma kafa mazauninta a Kalkata. 'Yan bokon Bengal, waɗanda aka daɗe ana gaya musu cewa ƙasarsu ba ta ba duniya komai ba, suka ga ashe rabin Asiya daga wurinsu ya yi karatu. A 1895 mawaƙi Nabinchandra Sen ya rubuta littafin waƙa a kan Gautama Buda ya sa masa suna Amitabha. Gidajen Hindu masu ilimi suka shiga sa wa 'ya'yansu Gautam, Siddhartha, Ashok, Amitabha, ba don sun sauya addini ba. Neman suna a wurin mawaƙi ma ya zama al'ada: Rabindranath Tagore ne ya raɗa wa Amartya Sen, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, sunansa a 1933, kuma shi ma da wannan "a" ta korewa ya fara, ma'anarsa wanda ba ya mutuwa. Daga irin waɗannan gidaje marubuci Amitav Ghosh ya fito, haihuwar Kalkata a 1956. Bambancin rubutun kuwa na baki ne: Hindi tana haɗiye wasalin ƙarshe ta ce Amitabh, Bengali na riƙe shi ta kuma karkata wasulan, wasu su rubuta Amitava, wasu Amitav.

Rabin sunan ɗan fim ɗin na biyu yana da nasa labarin, kuma ina ganin ya fi na farko nuna halin mahaifinsa. A Indiya sunan dangi yakan tona asalin mutum a tsarin nan na ɗabaƙoƙi da ake gada. Tsohon littafin dokoki na Manu ya ma tsara cewa sunan ɗan malamai ya nuna albarka, na ɗan mayaƙa ƙarfi, na ɗan 'yan kasuwa dukiya, na ɗan masu hidima kuma ƙasƙanci. Sunan dangin Harivansh Rai shi ne Srivastava, wanda kowa ya ji ya san Kayastha ne, zuriyar marubutan fada. Ya ƙi ɗansa ya ɗauke shi. Ya ɗauko laƙabin da ake kiransa da shi a gida tun yana ƙarami, Bachchan, mai nufin ɗan yaro, wanda da shi yake sa hannu a waƙoƙinsa, ya mai da shi sunan gida. Sai ga suna mai nauyin littattafan addini ya jeru da kalmar shagwaɓa ta tsakar gida, kuma babu wanda zai ji su biyun ya ce ga ɗabaƙar mai su.

A fim kuwa da wani sunan Sanskirit ɗin aka fi saninsa. Daga Zanjeer a 1973, zuwa Deewaar a 1975 da Don a 1978, ya fito da sunan Vijay, wato nasara, a fina-finai kusan ashirin, yawanci matashi mai fushi da zalunci. Idan kuma aka ba shi matsayin marubuci mai soyayya, kamar a Kabhi Kabhie na 1976 da Silsila na 1981, sai a kira shi Amit, yadda ake kiransa a gida.

Fina-finan Indiya sun shigo ƙasar Hausa tun shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen sinima, kuma daga baya suka mamaye yawancin dararen mako a su Plaza da Marhaba da Eldorado a Kano. 'Yan kallo sun raɗa wa taurari sunayensu na kansu: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt daga baya ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Shi kuwa Amitabh, bakin Bahaushe da ba ya son rufe kalma da baƙi ya yanke masa ƙarshe ya ce Amita, daidai inda Sinawa da Koriyawa suka yanke ƙarnoni kafin nan.

Na san akwai mai karatun da zai ji ba daɗi cewa sunan da ya daɗe yana furtawa na abin bautar wasu ne. Damuwar tana da tushe, domin mu mun ɗauki suna da nauyi, mun ce suna linzami ne, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya wa wasu sahabbai sunaye saboda munin ma'anarsu. Uban da zai ɗauko wa ɗansa suna ko laƙabi daga fim, wajibinsa ne ya tambayi ma'ana da asali tukuna. Amma wanda ya ce Amita yana nufin ɗan fim, mutum ya kira, kuma iyayen mutumin ma ba da niyyar bauta suka sa masa ba. Uban Hindu ne, uwar 'yar gidan Sikh ce, babu mabiyin Buda a cikinsu. Da aka haifa masa ƙani sai suka sa masa Ajitabh, mai hasken da ba a rinjaya, suka cire guntun tsakiya suka sa wani, alamar cewa ƙirar sunan da daɗinsa a kunne ne suka ja su.

A wancan zamani gidajen sinimar nan na Kano ba Indiya kaɗai suke haskawa ba, akwai daren da ake ware wa fina-finan faɗa na Sinawa. A cikinsu sau da yawa za ka ga tsohon malamin gidan zuhudu na Shaolin, kansa a aske ƙwal, ya ɗaga tafin hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai ya furta wata kalma kafin ya yi magana, ko bayan ya kayar da abokin karawarsa. Kalmar ita ce Amituofo, wadda mabiyan Buda a Sin ke gaisuwa da ita, su yi godiya da ita, su yi jaje da ita. Matashin da ya biya kuɗin tikiti ranar Talata ya ga Amita yana dambe da 'yan fasa-ƙwauri a tashar jirgin ruwan Bombay, ya dawo wani daren ya ga malamin Shaolin, suna ɗaya ya ji sau biyu a mako guda, ɗaya ya iso ta hanyar Alahabad, ɗayan ta hanyar Luoyang.